Rabon Jamshed a Kofin Taukir

Tun da aka dawo da Jamshed daga gasar kokawar jiya da kafaɗa ɗaure cikin ƙyalle, Shagufta ba ta sa ko ƙwayar shinkafa a bakinta ba.

Tana durƙushe gaban turmin dutse a tsakar gida tana niƙa almon, ƙwayar nan mai kama da gyaɗa, kamar kullum, amma hannun ne kawai ke aiki. Ta bayan katanga tana jiyo fartanya na shiga ƙasa, da nishin wanda ke riƙe da ita. Ko a cikin mutum dubu ba za ta kasa gane wannan nishin ba. Taukir ne ke kaftar ƙasar filin kokawar mahaifinta, yau kwana arba'in ke nan cif.

Yau kuma za a auna cikinsa.

"In kika ci gaba a haka turmin za ki huda," in ji yayarta Nighat, tana shanya a kan igiya. "Ke da za a yanke wa hukuncin aure ai sai ki ɗan saki fuska, ko don kada ki kori sa'a."

Shagufta ta ci gaba da niƙanta.

Duk Gujranwala an san gidan Ustad Barkat, tsohon ɗan kokawar da aka ce bayansa bai taɓa ƙasa ba sai in barci zai yi. An kuma san ya so ya haɗa ƙaramar 'yarsa Shagufta, malamar makarantar 'yan mata, da babban ɗalibinsa Jamshed, wanda ya raina tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ita kuwa ta kafe, ta ce ita sai Taukir mai shagon kayan zaƙi na bakin kasuwa, mutumin da tumbinsa ke riga shi yin sallama.

Ranar da Taukir ya zo neman izini, Ustad bai yi faɗa ba. Ya dai dubi tumbin nan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ba ƙin ka nake yi ba, puttar, ɗana. Ni ba na yi wa 'ya'yana dole, amma na riga na binne suruki ɗaya. Ba zan sake ɗauko wata 'yar tawa daga gidan makoki ba."

Kowa ya san da wa yake. Sarfraz mijin Nighat ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa yana da shekara arba'in da ɗaya, zuciya ta buga, kuma shi ma irin wannan tumbin gare shi.

Sai Ustad ya sauko da tsohuwar ɗamararsa ta fata daga jikin ƙusa ya gindaya sharaɗi. Kwana arba'in a filin kokawa, ba fashi. Ranar ƙarshe in ɗamarar ta zagaye ƙugun Taukir ta haɗu, ya ba shi. In ba ta haɗu ba, kowa ya kama gabansa.

Shagufta da bakinta ta ce ta yarda.

"Baji," ta ce a hankali, haka take kiran yayar tata, ba ta ɗago ba. "Ɗamarar ba za ta haɗu ba."

"Ke wa ya gaya miki? Mutumin nan fa ya yi ƙoƙari. Ni da kaina na leƙa shi yana jan gungumen da ake baje ƙasar fili da shi, ya zama abin tausayi."

"Ba za ta haɗu ba. Kuma Jamshed ba a banza aka kayar da shi jiya ba."

Nighat ta bar shanyar ta juyo. "Me ya haɗa kifi da kaska?"

Sai hawayen da Shagufta ta kwana tana dannewa suka ɓalle.

A gidan nan kowane ɗalibi da ma'auninsa na sardai, wato niƙaƙƙen almon da madara da man shanu da ake sha bayan an gama motsa jiki. Ustad ne ke ƙirga almon da hannunsa kowace safiya, ya ware na kowa, ya kulle sauran. Jamshed da ke shirin gasa an yanka masa guda ɗari biyu da ludayi biyu na man shanu. Taukir kuwa guda goma kacal, a dama da ruwa, ba sukari ba mai. Aikin Shagufta shi ne ta niƙa, ta zuba a kofuna, ta jera su a 'yar tagar da ke jikin katanga, kowa ya zo ya ɗauki nasa.

"A rana ta uku ne," ta ce tana shessheƙa. "Na leƙa ta tagar na gan shi ya yi tsugunna-tashi sau hamsin, ya rarrafa gindin katanga yana amai. Leɓensa ya yi fari fat, Baji. Su kuma suna ta yi masa dariya, wai a kawo masa ungozoma. Na dubi kofinsa, ruwa tsululu. Wallahi ji na yi in ya sha wannan kawai mutuwa zai yi."

"Sai kika yi me?"

"Sai na ɗebi na Jamshed na ƙara masa, na cika na Jamshed da ruwa."

Nighat ta dafe ƙirji.

"Da farko ɗan kaɗan ne. Da na ga ya fara samun ƙarfi sai na ƙara. Kafin sati biyu rabin almon ɗin Jamshed da duk man shanunsa a kofin Taukir suke tafiya. Har sukari nake sa masa."

"Kwana nawa?"

"Talatin da bakwai. Sai yau na daina."

Kada mai karatu ya yi saurin zagin ta. A gidajen garin nan, in ka gaji abinci ake tura maka, in kana baƙin ciki abinci, in ana son ka kuwa sai an ga ka kasa tashi daga kan tabarma hankali ke kwanciya. Da wannan Shagufta ta tashi, ba ta san wata hanyar nuna so ba. Abin da ta manta shi ne Jamshed tsugunna-tashi dubu biyu yake yi kafin rana ta ɗaga, ya ƙone duk abin da ya sha. Taukir kuwa da ƙyar yake kai ɗari da hamsin. Garin neman gira ta tsone ido biyu a lokaci guda.

Nighat ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta shiga murza gefen farin mayafinta.

"Kin san gurasa nawa nake soya wa Sarfraz da safe?" ta ce daga ƙarshe. "Huɗu, kowace tana ninƙaya a man shanu. Likita ya hana, ni na ce likita bai san daɗin miji ba. In ya ce ya ƙoshi sai in yi fushi, sai ya ci don kada raina ya ɓaci." Muryarta ta karye. "Shekara uku ke nan ban gaya wa kowa ba. Abbaji yana cewa tumbi ne ya kashe shi. Ni kuwa na san hannun da ya gina tumbin."

Suka rungume juna suna kuka ƙasa-ƙasa, don kada maza su jiyo.

Can Nighat ta share fuska ta kama kafaɗunta. "Ki saurare ni. Abin da ya faru ya riga ya faru. Ki ja bakinki ki yi shiru. Kin san Abbaji, zai yafe wa ɓarawon da ya shiga ɗakinsa, amma ba zai yafe wa wanda ya taɓa rabon ɗalibinsa ba."

"To Jamshed fa?"

"Kafaɗa ce, za ta warke."

"A gaban mutum dubu aka danna bayansa ƙasa, Baji. Shi da ba a taɓa kayarwa ba."

"Na ce ki yi shiru."

Da ta je jera kofuna a taga, sai ta tarar da Taukir tsaye ta ɗaya ɓangaren, jikinsa duk jar ƙasa, gumi na zuba daga gemunsa. Kafaɗunsa sun buɗe, wuyansa ya fito, hannuwansa sun yi kanta. Tumbin dai yana nan daram, ko gezau.

"Malama," ya ce, haka yake kiran ta in yana son ya sa ta dariya. Yau kuwa shi kansa bai yi dariyar ba. "Ina son ki ji daga bakina kafin ki ji a bakin mutane. Na gwada da igiya a gida. Ba za ta haɗu ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Na rantse miki da Allah, kwana arba'in ban sa zaƙi a bakina ba. Ina zaune a shago ƙamshi na duka na, ina soya wa mutane, ko yatsana ban lasa ba. Abincin rana na daina. Bayan na tashi daga nan sai in bi bakin magudanar ruwa da gudu har gada, yara na bi na suna tafi. Uwata kullum sai ta yi kuka, wai an mayar mata da ɗa jaki." Ya bugi cikin da tafin hannu. "Shi kuwa wannan la'anannen ya ce shi da ni mutu ka raba. Ban san me zan ƙara yi masa ba."

"Taukir, ka daina."

"Ki bar ni in faɗa. Ni ne na gaza, ba ke ba. Ke kin yi naki. Ba don kofin nan da kike haɗa min ba, da tuni an fitar da ni a makara. Kullum in na sha sai in ce, ashe Ustad yana so na, dubi irin abin da ya yanka min."

Ya ɗauki kofin ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska ya leƙa ciki.

"Yau kuma ruwa ya yi yawa. Ko da yake mai faɗuwa jarrabawa ai ba ya zaɓen abinci."

Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya. Kunya da tsoro suka haɗu suka hana ta. Kafin ta samu murya, Ustad ya ƙwala kira daga tsakiyar fili, Taukir ya ajiye kofin ya tafi.

Ta tsaya a tagar tana kallo, Nighat na bayanta.

Ɗalibai sun zagaye filin. Kawun Taukir da ya zo shaida yana zaune a kan gadon igiya, yana ta jan carbi. Can gefe, gindin bishiya, Jamshed ne zaune shi kaɗai da ɗaurarriyar kafaɗa, idonsa a ƙasa. Sai yau ta lura da yadda ƙasusuwan wuyansa suka fito.

Ustad Barkat ya zagaya ɗamarar a ƙugun Taukir ya ja. Taukir ya haɗiye numfashi har idanunsa suka firfito.

"Saki cikin, puttar," in ji Ustad. "Ba a auna mutum yana ƙarya."

Ya saki. Tsakanin bakin ɗamarar da ɗan'uwansa saura yatsa huɗu.

Wani daga cikin ɗaliban ya ce, "A ƙara masa da igiyar rijiya mana," aka fara ƙyalƙyala dariya. Ustad ya waiga sau ɗaya, kowa ya haɗiye tasa.

Taukir ya durƙusa ya taɓa gwiwar tsohon. "Na gode, Ustadji. Sharaɗi sharaɗi ne. Allah Ya ba ta wanda ya fi ni."

"Wa ya sallame ka? Tashi tsaye."

Ya miƙe.

"Shekara talatin ina karɓar ɗalibai a filin nan," in ji Ustad. "Na ga masu ƙirar zaki da suka gudu a kwana biyar. Kai ka zo da jikin da ko takalminka ba ka iya ɗaurawa, aka yi maka dariya, ka yi amai, ka suma sau biyu, gari na wayewa kuma sai in tarar ka riga kowa ɗaukar fartanya. Ban san abin da ya hana cikin nan sauka ba, wataƙila gado ne. Amma mutumin da ya yi arba'in zai yi ɗari huɗu." Ya jefar da ɗamarar kan gadon igiya. "Na ba ka Shagufta."

Kawun Taukir ya saki carbi ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Ɗalibai suka rufe Taukir da runguma. Nighat ta matse hannun ƙanwarta tana raɗa mata, "Kin gani? Allah Ya rufa asiri. Ki yi shiru kawai."

Daɗi ya zo wa Shagufta kamar zai fasa ƙirjinta. Abin da ta shekara biyu tana roƙo a kan sallaya, ga shi an miƙa mata.

Amma Ustad bai gama ba.

"Jamshed. Zo nan."

Jamshed ya taso a hankali ya tsaya gabansa.

"Ga wanda na ba almon goma, dubi abin da ya yi da su. Kai ɗari biyu nake ƙirga maka da hannuna, da man shanun da ko ni ban sha irinsa ba a zamanina. Ina suka tafi? Wata guda ina kallon ka kana zubewa kamar bangon ƙasa da damina, na yi shiru na ce ko zafi ne. Jiya yaron da bai kai ka ba ya ɗaga ka kamar buhun ƙaiƙayi."

Jamshed ya sunkuyar da kai.

"Ɗan kokawar da ya ci rabonsa jikinsa bai nuna ba, akwai inda yake kai ƙarfinsa. Shaye-shaye ka fara, ko yawon banza? Faɗa min gaskiya in yafe maka."

"Ba ni da abin faɗa, Ustadji."

"Ba ka da abin faɗa." Muryar tsohon ta yi rawa, don ya fi son yaron nan fiye da yadda zai iya nunawa. "To kwashe kayanka. Ƙafarka kada ta sake taka ƙasar filin nan."

Korar ɗalibi daga filin ubangidansa ba ƙaramin abu ba ne, babu wani filin kokawa a garin da zai karɓe shi bayan haka.

Jamshed ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar filin da hannunsa mai lafiya ya shafa a goshi. Da ya miƙe, idonsa ya sauka a kan tagar. Bai daɗe ba, kallo ɗaya ne, ba harara ba tuhuma, sannan ya kawar da kai.

Nan take Shagufta ta gane. Ya sani.

"Kada ki kuskura," in ji Nighat, ta riƙe mata mayafi. "Shagufta, don darajar Ammi da ke kabari."

Ta fizge mayafin ta tura ƙofar da ke tsakanin gida da fili. Tun da aka haƙa filin nan mace ba ta taɓa taka shi ba, ko mahaifiyarsu. Maza suka dare, wasu na rarumar riguna suna rufe jiki.

"Abbaji, kada ka kore shi."

"Koma ciki."

"Bai ci rabonsa ba, Abbaji. Ni na hana shi." Hawaye na zuba, amma ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ci gaba ba. "Kwana talatin da bakwai ina kwashe rabin almon ɗinsa da duk man shanunsa ina zuba wa Taukir, shi kuma in cika masa da ruwa. Shi ya sa ya rame. Shi ya sa aka kayar da shi. Shi ya sa ɗamarar ba ta haɗu ba. Taukir bai sani ba, wallahi bai sani ba. Tausayinsa na ji, na ɗauka taimakonsa nake yi."

Ustad ya yi baya kamar an hankaɗa shi, ya zauna a bakin gadon igiya. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya juya ga ɗalibinsa.

"Gaskiya ne?"

"Shekara goma sha bakwai ina shan sardai a gidan nan, Ustadji," in ji Jamshed. "Tun kurɓar farko na gane."

"Ka gane, ka shiga gasa da ruwa a cikinka? Ka tsaya ina zagin ka a gaban ƙannenka? Me ya hana ka magana?"

"In na yi magana, sunan wa zan kira?"

Wannan ta fi mari zafi. Shagufta ta durƙushe a kan ƙasar ta rufe fuska. Mutumin da ta ƙi, ta yi ta guje wa gaisuwarsa, shi ne ya zaɓi a kore shi da sunan ɗan iska a kan a ambaci sunanta.

"Ka yafe min, Jamshed. Don Allah ka yafe min."

"Tashi, 'yar Ustad," ya ce, bai dube ta ba. "Ƙasar nan ba wurin zamanki ba ne."

Ustad ya miƙe da ƙyar, ya kamo kan Jamshed ya haɗa da ƙirjinsa. Ba wanda ya taɓa ganin hawayen tsohon nan sai ranar. Da ya sake shi, ya juya ga Taukir, muryarsa a dashe.

"Na riga na ba ka magana a gaban kawunka, ni kuma ba na lashe amaina. Ga ta nan, ka ji abin da ta yi da kunnenka. In har yanzu kana so, taka ce."

Shagufta ta ɗago jiƙaƙƙiyar fuskarta. Duk filin shi ake kallo.

Taukir ba ita yake kallo ba. Kafaɗar Jamshed yake kallo, da ƙasusuwan wuyan nan. Hannunsa na kan cikinsa, ya damƙe shi kamar zai yage.

"Kullum sai na yi miki godiya," ya ce a hankali. "Ina lashe kofin har ƙasa, shi yana gefena yana shan ruwa yana kallo na. Har ce masa nake yi, ɗan'uwa, yau sardai ya yi daɗi."

"Taukir, saboda kai na yi."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

"To ka ce wani abu. Ka zage ni ma na yarda."

Ya girgiza kai. Ya je ya durƙusa gaban Jamshed ya taɓa ƙafarsa, irin gaisuwar da Ustad kaɗai ake yi wa, sannan ya miƙe ya fuskanci tsohon.

"Ustadji, da ɗazu ka tambaye ni, da ban bari ka rufe baki ba. Yanzu kam ban sani ba. A ba ni lokaci."

Ya ɗauki rigarsa ya rataya a kafaɗa ya nufi ƙofar waje, kawunsa na biye da shi yana kiran sunansa.

Shagufta ma ta kira shi, sau biyu, a gaban mahaifinta da duk mazan filin. Bai waigo ba.